Lissafin Burodi da Shayin Yarinta

Duk majalisar da 'yan shekara arba'in zuwa sama suka haɗu, in hira ta yi nisa, ba a rasa mai jawo zancen burodin da. Wani ya ce shi ba abin da ya kai masa burodi da bota, a tsaga shi biyu a lafta masa Blue Band har ta fito ta gefe. Wani ya ce ina, ai sarki shi ne burodi da ƙosai mai zafi, a cusa guda uku a ciki, a barbaɗa yaji, a matse da tafin hannu har mai ya ratsa. Waɗanda suka yi makarantar kwana su ce a bar zancen kawai, wanda bai juye kifin gwangwani cikin burodi ba, da mansa da komai, a daren ranar da aka kawo masa ziyara, bai san daɗi ba. Akwai kuma masu tsomawa a shayi har ya narke su bi shi da cokali. Daga nan sai a yi ajiyar zuciya a yanke hukunci guda: burodin yanzu iska ne, na da shi ne burodi.

Ban musa daɗin ba, ni ma na ci. Abin da nake tababa a kai shi ne yadda ake ba da labarin sai ka ce abin daga sama ya faɗo. Yaro ba ya biyan kuɗin burodi, don haka abin da ke saura a kansa bayan shekara talatin ƙamshi ne da ɗanɗano kawai. Mai kewar abincin yarinta kamar ɗan gayyar biki yake: ya ci, ya sha, ya tafi yana yabon girki, bai san uwar amarya ta sayar da akuyarta ba. Wani ne ya biya kuɗin burodin nan, kuma ba mahaifi kaɗai ba. Wasu sun biya da gonakinsu, ƙasa ta biya da dalarta, mu kuma yanzu muna biyan ragowar da aljihu da jiki.

A fara daga teburin mai shayi, tunda can ne kewar ta fi zama da gindinta. Benci uku kewaye da tebur, an yi dala da gwangwanayen madara da Bournvita da Milo, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai, ga tukunya tana tururi da ƙamshin citta da kanumfari. Ka zauna, ya dube ka ya ce, “Alhaji, kauri za a haɗa ko ruwan bunu?” Ka ce kauri. Ya zuba madara cokali uku, Bournvita biyu, sukari kuwa ba ya ƙirgawa sai ka ce ya isa. Ya tace ruwan shayin da rariya, sannan ya shiga sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, har kumfa ta taso, ko ɗigo bai zuba ba. Ya fasa ƙwai biyu a kofin roba, ya yanka albasa da attaruhu a kan tafin hannunsa, ya marmasa magi, ya kaɗa, ya juye a kasko. Kafin ƙwan ya ƙone ya tsaga burodi ta tsawo, ya shafe cikinsa da bota, ya shimfiɗa ƙwan, ya rufe, ya mayar kan kaskon ya danne da bayan cokali har gefen ya yi ja. Duk wanda ya ce wannan ba daɗi, to bai ci ba ne.

To, a bi kayan ɗaya bayan ɗaya a tambayi asalinsu. Fulawar burodin daga alkamar da aka noma a Amurka ko Kanada ko Rasha ko gabashin Turai take. Jirgin ruwa ya sauke ta a Apapa, aka niƙa, tirela ta hauro da ita Arewa. Sukarin, akasarinsa ɗanye ake shigowa da shi daga Barazil a tace a Legas, duk da cewa tun shekarun 1960 ake da kamfanin sukari a Bacita, daga baya aka yi na Numan. Madarar gari daga Turai da Niyu Zilan take zuwa, kuma mai arhar cikinta, wadda ake sayarwa a 'yan ƙananan ledoji, an cire mata maiƙonta na saniya an maye gurbinsa da man itatuwa. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara wajen shigo da madara, a ƙasar da Bafulatana ke yawo da ƙwaryar nono a ka tana neman mai saye kafin ya yi tsami. Ganyen shayi, in ka cire ɗan abin da ake nomawa a Kakara kan tsaunin Mambila, daga waje yake. Kifin gwangwani daga Maroko. Botar kuwa ko hanya ba ta haɗa da saniya ba, man itace ne da aka daskarar aka sa masa launi da gishiri. In ka tattara, abin da za mu bugi ƙirji mu ce namu ne a wannan karin kumallo shi ne ƙwai, albasa, attaruhu, citta, ruwa da gawayi. Akasarin sauran da dala aka sayo shi. A Yamai da Maraɗi ma haka zancen yake, sai dai can burodin dogo ne irin na Faransa.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta da rani a fadamu, ana ban ruwa da jigo, amma kaɗan ce, kuma abincin gata ce: alkakin biki, finkaso, taliyar hannu, da gurasar da Larabawan da suka zauna a Kano suka kawo. Talaka gero da dawa ya sani. Burodi irin na gidan burodi ta bakin teku ya shigo. A Legas har yau ana tuna Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo a 1913, daga baya ya kafa gidan burodin da ya yi suna. Abin da ya mayar da burodi abincin kowa shi ne injin niƙan alkama na Apapa, wanda ya fara aiki a 1962, sai kuma kuɗin man fetur. A shekarun 1970 abubuwa suka haɗu wuri ɗaya. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa gero da dawa suka yi wuya, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, mutane suka yi ta kwarara birane inda ba turmi ba rumbu, naira kuma ta fi dala daraja, har a 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Da irin wannan naira, burodin alkamar Amurka ya zama abinci mai arha a birni, yana gogayya da hatsin manomin gida. Kafin tsakiyar shekarun 1980 alkamar da ake shigowa da ita ta haura tan miliyan ɗaya a shekara. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun fitar da littafi a kan wannan a 1985, The Wheat Trap, suka nuna cewa ƙasar ta faɗa tarko: ta saba da abincin da ba ta iya noma isasshe, kuma ƙoƙarin nomawar ma wani ramin ne. Wato ɗanɗanon da muke wa kallon gadon gida ɗan zamanin arhar dala ne, kakanninmu ba su san shi ba.

Ƙoƙarin nomawar nan shi ne ya fi komai tsada, kuma shi ne ba ya shigowa hirar majalisa. Alkama tana son sanyi. A nan sai da hunturu, a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe wajen Maris. In aka makara da 'yan makonni, zafin bazara ya riske ta tana zuba ido, amfanin ya lalace. A lokacin kuma ba ruwan sama, dole sai ban ruwa. Don haka gwamnatocin wancan zamani suka zuba kuɗin mai a manyan madatsun ruwa, alkama tana sahun gaba cikin abin da aka ce za a noma. An gama Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka buɗe filayen Kadawa. Tiga ta yi rana, ba mai musun haka, amma yau tumatir da shinkafa suka fi alkama yawa a can, sannan masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ke ciyarwa, sun ga ruwansu ya ragu. A Barno aka yi shirin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000. Aka ƙaddamar da shi a 1979, ba a jima ba tafkin ya ja da baya saboda farin shekarun 1980, ya bar magudanai da manyan injinan tura ruwa a kan busasshiyar ƙasa.

Na Bakolori kuwa da jini aka biya. An gama madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wani kamfanin Italiya ne ya yi aikin. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka riƙe filayen mutane ana baje su ana haƙa magudanai, damina ta zo ta wuce ba su yi shuka ba, diyya ta zo wa wasu a makare, wasu ba ta zo ba sam. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Ba ina ɗora wa yaron da ya ci burodi da bota a 1980 alhakin wannan ba ne. Amma duk wanda zai ba da tarihin yadda aka so mayar da Arewa gonar alkama don ciyar da birane burodi, dole ya bi ta Bakolori.

Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987. Burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta, 'yan sumoga suka yi kuɗi, a 1992 aka janye haramcin. Obasanjo ya zo da tsarin cakuɗa garin rogo kashi 10 cikin ɗari, Jonathan ya farfaɗo da shi a 2012 har ana nuna shi yana cin burodin rogo. Duk sun bi ruwa. Yau Nijeriya na shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a shekara, alhali ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ta nuna abin da aka noma a gida bai kai tan 40,000 ba. Jigawa da wasu jihohi sun ƙara himma tun daga 2023, Allah ya taimaka, amma ko an ninka wancan adadi sau biyar bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da jiragen ruwa ke kawowa ba.

Wanda karin kumallonsa ke cikin jirgin ruwa, duk abin da ya girgiza duniya sai ya taɓa kofinsa. Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, ƙasashe biyun da ke fitar da fiye da rubu'in alkamar kasuwar duniya, mai shayi a Fagge ya ƙara kuɗi. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga tallafin mai an cire, kuɗin ɗauko kaya daga Legas ya yi tashin gwauron zabi. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano, saboda buhun fulawa ya haura naira 40,000, da yawansu sun kashe tanderu. Waɗannan mata ne da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, masu gurasar da ake yi wa bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir, haɗin da ya fi kowane haɗin burodi zama namu. Amma ita ma gurasar yau da fulawar jirgin ruwa ake kwaɓa ta. Mutanen Sudan sun fi mu sanin inda irin wannan ke kaiwa. A Disambar 2018 aka ninka kuɗin burodi sau uku, daga fam ɗaya zuwa uku, garin Atbara ya tashi, kafin ƙarshen Afrilun 2019 Umar al-Bashir ya bar mulkin da ya riƙe shekara talatin.

A sauko cikin gida. Mu ɗauka babban burodi naira 1,500 ne, a wasu wuraren ya fi haka. Gida mai yara biyar ko shida guda ɗaya ba ya isa, amma a bar shi a ɗaya. A wata naira 45,000 ke nan, ba a sayi madara ba, ba sukari, ba ganyen shayi, balle ƙwai. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Sannan kowace uwa ta sani, yaron da ya karya da burodi da shayi kafin a fita tara ya fara hamma, wanda ya sha koko da ƙosai ko ya ci ɗumame kuwa yana kaiwa azahar. A kan zancen iska kuma 'yan majalisa suna da gaskiya: gidan burodin da ke tsoron ƙara kuɗi sai ya rage kwaɓi ya bar shi ya kumbura sosai, girman yana nan, nauyin ya tafi, ka matse shi a hannu ya koma ɗan dunƙule. Ƙarin kuɗi ne da ba a rubuta a jikin leda ba.

Sai jiki, kuma a nan ne masu cewa na da ya fi lafiya ya kamata su yi hattara. Akwai sinadarin da ake kira buromet, wanda masu gidajen burodi suka daɗe suna zubawa a kwaɓi don ya tashi sosai, ya yi fari, ya yi laushi. Gwaji a kan dabbobi ya nuna yana haddasa ciwon daji, musamman a ƙoda. Ingila ta hana shi a 1990, Kanada a 1994. A nan sai zamanin Dora Akunyili a hukumar NAFDAC, farkon shekarun 2000, aka yaƙe shi gadan-gadan, aka riƙa rufe gidajen burodi. Ke nan shekarun da muke yara su ne shekarun da ba a sa ido sosai, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na laushin da ake kewa daga nan ya fito. Bai ma ƙare ba, domin binciken da malaman jami'o'i suka riƙa yi a garuruwa daban-daban ya ci gaba da gano shi a wasu burodin, har a 2024 hukumar tana gargaɗin masu gasawa a kan sinadarai, ciki har da sakarin da wasu ke sawa don gudun tsadar sukari. Botar ma haka. Yawancin irinta a wancan zamani, a ko'ina a duniya, da man da aka daskarar ta hanyar da ke samar da wani mugun kitse mai toshe jijiyoyin zuciya ake yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da wannan kitse a 2018, Nijeriya ta fitar da dokar taƙaita shi a 2023, giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Ta wannan fuskar botar yau ta fi ta da aminci, ko da harshe ya ce ba haka ba.

Sukari ne bai canza ba, sai ma ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma rabin haka. A koma kan kofin kaurin nan. Akwai sukarin da mai shayi ya zuba, akwai wanda ke cikin garin cakulan tun daga kamfani, akwai wanda aka kwaɓa burodin da shi, domin burodinmu mai zaƙi ne. Kafin ƙarfe takwas na safe mutum ya cinye kaso mai tsoka na rabonsa na yini, bai sha lemo ba tukuna. Gishiri kuma giram 5 aka ce a rana, ga shi a burodi, ga shi a bota, ga magi a ƙwai. Ba burodi kaɗai ke kawo ciwon suga da hawan jini ba, akwai gado, akwai zama wuri ɗaya, akwai ƙiba. Amma ka shiga layin masu ganin likita a kowane babban asibiti ka ji abin da aka fi hana su: shayi mai sukari da farin burodi suna cikin na farko. Gaskiya ɗaya da za a faɗa wa fulawa ita ce, tun 2002 doka ta tilasta a ƙara mata bitamin A, ita da sukari da man girki, kuma wannan yana amfanar yaran da ba su samun sa a wani wuri.

Akwai kuma abin da ƙwaƙwalwa ke ɓoyewa, wato yawan cin. Na taɓa tambayar mahaifiyata, na ce, “Inna, wai a da kullum muke karyawa da burodi?” Ta yi dariya ta ce, “Kai ɗan nan, burodi kullum a gidan wa? Sai in Malam ya dawo daga tafiya, ko wani a cikinku ya kwanta ya ƙi cin tuwo. Guda ɗaya nake yanka muku, ku yi ta faɗa a kan wa zai ɗauki gefen.” Haka abin yake a yawancin gidaje. Burodi tsaraba ne, abin da matafiyi ke miƙa hannu ta tagar mota ya saya a Kwangila ko Kwanar Ɗangora don kada ya shiga gida hannu rabbana. Ana ganin sa ne ranar da uba ya dawo, ranar albashi, ranar da aka yi baƙo. Mun girma, mun samu abin hannu, muka ce abin da muka yi marmari muna yara sai mun ci shi kowace safiya. Muka ci, daɗin bai dawo ba, sai muka ɗora wa gidan burodi laifi.

Kada kuma masu cewa a koma koko da ƙosai su ɗauka su lissafi bai hau kansu ba. Tasu kewar ma akwai wanda ya biya ta, kuma mace ce. Kafin koko ya zo kofi sai an surfa gero, an wanke, an jiƙa, an kai niƙa, an tace, an bar shi ya kwana, an tashi da asuba an hura wuta an dama. Ƙosai sai an ɓare wake, an markaɗa, an buga, an zauna gaban kasko hayaƙi na shiga ido. Sau da yawa 'yar da ya kamata ta kasance a aji ita ce ke ɗauke da bokitin talla. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da za ta fita ƙarfe bakwai, ga yara huɗu za ta shirya, ba lalaci ne ya sa ta sayi burodi ba. Ya ɗauke mata aikin sa'o'i, ya rage mata itace ko gas. Gwauro da ɗan ci-rani da direban da ya kwana a tasha, teburin mai shayi ne madafarsu. Teburin kansa sana'a ce da ke riƙe da samari masu yawa daga Kano har Sabon Ibadan da Agege, suna aika kuɗi gida. Duk namijin da zai yi wa'azin komawa kunun tsamiya, a fara tambayar sa ko ya taɓa riƙe taɓarya.

Abin da ya fi damuna yanzu ba mu ba ne, mu namu ya riga ya kama mu. Yaran da ke tasowa ne. Harshe a yarinta yake koyon abin da zai nema har tsufa, kuma kamfanoni sun fi iyaye sanin haka, shi ya sa tallarsu ke cike da yara da uwa mai murmushi. Abin da burodi da bota ya yi mana, taliyar leda ke yi wa 'ya'yanmu. Indomie ta fara fita daga masana'antarta ta Ota a tsakiyar shekarun 1990, yau Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen cin irin wannan taliya, ana doshin ƙunshi biliyan 3 a shekara. Ita ma alkama ce, an soya ta da mai, an haɗa ta da ƙullin gishiri da ɗanɗano. Mai shayi ya riga ya ba ta gurbi kusa da kaskon ƙwai. Bambancin shi ne mu sau ɗaya a wani lokaci muka ci namu, su kuwa wasunsu safe da dare ne, har akwai yaron da in aka ajiye masa tuwo da miyar kuka sai ya ture kwanon. Nan da shekara talatin shi ma zai yi kewar abin da ya saba, kuma zai nema ko nawa dala ta kai.

Hukuncina ba mai tsauri ba ne. Wanda ya yi marmarin burodi da ƙwai ya je wurin mai shayi ranar hutu ya ci abinsa, ya ce a rage sukari, ya biya yana sane da abin da ya saya. Roƙona a kan yara ne. Maigida mai cefane da uwargida mai girki, cikin safiya bakwai na mako a bar wa gero da dawa da wake da masara biyar. In ba lokacin surfe da tata, akwai mai koko da mai waina a bakin layi, akwai masu ƙulla garin kunu su sayar. A saya a wurinsu, kuma a biya su abin da suka faɗa ba tare da neman ragi ba.